Jirgin Feshin Gona: Tuƙinsa da Kula da Lafiyarsa

Jirgin feshin gona ƙaramin jirgin sama ne, galibi mai inji ɗaya da mazaunin matuƙi ɗaya, wanda aka ƙera domin ya bi saman gonaki ƙasa-ƙasa yana watsa maganin ƙwari ko taki ko iri. A Amurka da Brazil da Ostiraliya aikin sana'a ce ta 'yan kasuwa, manomi yakan ɗauki hayar jirgin kamar yadda ake hayar tarakta. A jihar Maradi da sauran sassan Nijar kuwa jirgin kayan aikin hukuma ne, kuma ba a cika jin ƙararsa ba sai ɓarna ta fi ƙarfin masu feshi da hannu, wato idan fara ta sauka ko tsuntsayen jan baki suka yi mazauni kusa da gonaki.

Asalinsa

Feshin farko da aka yi da jirgi ya auku ne a watan Agusta na 1921 kusa da garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, inda wani matuƙin soja mai suna John Macready ya watsa garin guba a kan wasu itatuwa da tsutsa ke cinye wa ganye. Ba a jima ba manoman auduga na kudancin ƙasar suka karɓi dabarar, har aka kafa kamfanin Huff-Daland Dusters a 1925, wanda shi ne tushen kamfanin jiragen fasinja na Delta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta mayar da tsofaffin jiragen koyar da soja na feshi, sai daga baya aka soma ƙera na musamman: Grumman Ag Cat ya fara tashi a 1957, Piper Pawnee da Cessna 188 suka biyo baya, Tarayyar Sobiyat kuma ta dogara ga Antonov An-2 mai fukafukai hawa biyu. A yau kamfanin Air Tractor na Texas ne kan gaba, kuma samfurinsa AT-802 yana ɗaukar kimanin lita 3,000 a tashi guda.

Ƙirarsa

An gina jirgin ne da sanin cewa wata rana yana iya faɗuwa. Shi ya sa ake ajiye tankin magani tsakanin inji da matuƙi, domin idan aka yi karo nauyin ya tafi gaba, kada ya danne mutum daga baya. Mazaunin matuƙi yana can sama, an kewaye shi da bututun ƙarfe masu ƙwari, akwai kuma kaifin ƙarfe a gaban gilashi da ƙafafun jirgin don tsinke wayar lantarki idan an afka mata. A ƙarƙashin tankin akwai ƙofar gaggawa wadda matuƙi zai buɗe ya zubar da lodin duka cikin 'yan daƙiƙoƙi in jirgin ya kasa ɗagawa. Bututun feshi yana bin bayan fukafukai, famfon da ke tura maganin kuma sau da yawa wata 'yar farfela ce ke juya shi da iskar tafiya.

Aikinsa a ƙasar Maradi

Gonar Bamaraɗe ba irin ta manomin Texas ba ce. Ƙarama ce, an haɗa hatsi da wake da gyaɗa da yakuwa wuri guda, ga gawo da sauran itatuwan da manoman jihar suka yi suna wajen rainonsu tun shekarun 1980, ga bukkoki da rijiyoyi da dabbobi a ɗaure a gefe. Fili irin wannan bai dace da jirgi ya sauko dab da kan shuka ba, kuma babu manomin da zai iya biyan kuɗin sa'a guda ta tashi. Saboda haka yawancin feshi a hannun malaman gona yake da 'yan sa-kai na ƙauyuka da aka horar, sai kuma motoci masu ɗauke da injin feshi.

Inda jirgi ke da rana shi ne faffaɗan fili, kamar arewacin Dakoro da kwarin Tarka, inda gonaki ke haɗuwa da makiyaya, farar gida ke ƙyanƙyashewa ta auka wa hatsi yana cikin ɗaukar ido. Haka nan idan farar ɗango ta taso daga hamada. Garkenta yana iya ƙunsar fara miliyan 40 zuwa 80 a kowace murabba'in kilomita, kowace ɗaya tana cin ganye daidai nauyin jikinta a yini, garken kuma yana iya cin tafiyar kilomita 150 kafin rana ta faɗi. Mai tafiya a ƙasa ba zai cim masa ba. A mamayar 2003 zuwa 2005 an feshe kimanin hekta miliyan 13 a ƙasashen yamma da arewacin Afirka, kuma jirage sun ɗauki kaso mai yawa na aikin. Farar ta shigo Nijar a daminar 2004, ta haɗu da ɗaukewar ruwa da wuri, wanda shi ya fi ta ɓarna, aka shiga yunwar 2005 da ta yi wa yaran Maradi mummunan kamu. Bayan wannan ne Nijar ta kafa cibiya ta musamman ta yaƙi da fara, ban da hukumar kare tsirrai da ke kula da sauran ƙwari da tsuntsaye.

Feshin fara ya bambanta da na gona. Ba a sirka maganin da ruwa. Mai ne mai kauri wanda ake watsa rabin lita zuwa lita guda kacal a kowace hekta. Wasu kawuna masu juyawa da sauri, waɗanda aka fi sani da sunan kamfanin Micronair, su ke farfasa shi ya zama ɗigo ƙanana ainun kamar hazo, iska kuma ta kwashe su ta shimfiɗa a kan ciyawa. Jirgin yakan tafi a tsayin mita 5 zuwa 10, tsakanin layi da layi kimanin mita 100. Idan gudunsa kilomita 160 ne a sa'a, lissafi ya nuna zai rufe hekta 1,600 a sa'a guda in ban da lokacin juyawa, alhali mai riƙe da na'urar hannu da ƙyar yake wuce hekta 4. Magungunan da aka fi amfani da su sun haɗa da fenitrothion da malathion da chlorpyrifos. Akwai kuma Green Muscle, wanda funfuna ce mai kashe fara kaɗai ba tare da taɓa ƙudan zuma ko tsuntsaye ba. An gwada watsa ta da jirgi a gabashin Nijar a shekarun 1990, sai dai takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta kashe, abin da ke da wuya manomin da ke kallon hatsinsa na ƙarewa ya jure.

Tuƙi

Matuƙin feshi da asuba yake fara aiki. Da zarar rana ta take, ƙasa ta yi zafi, iska takan riƙa tashi sama ta tafi da ɗigon maganin, don haka feshin tsakar rana asara ce; sai kuma la'asar sakaliya. Ana bukatar iska matsakaiciya, daga mita 2 zuwa 10 a daƙiƙa, kuma matuƙi yakan ratsa ta ne a gicciye, ya fara daga gefen da take nufa yana matsowa inda take fitowa, domin kada ya shiga cikin hazon da ya bari a baya. A da mutane ne ke tsayawa da tutoci a bakin fili suna nuna masa layi, suna shan feshi a jikinsu. Tun shekarun 1990 na'urar GPS ta karɓi wannan aiki, har tana ajiye taswirar duk inda aka bi.

Haɗarin aikin ya fi yawa wurin juyawa. A ƙarshen kowane layi matuƙi zai rufe feshi, ya ɗaga hanci, ya karkata ya dawo, jirgin na da nauyi, gudunsa ya ragu, ƙasa kuma tana kusa. Idan ya matsa juyin fiye da kima fiffike zai rasa riƙon iska, kuma babu sararin gyara kuskure. Hakan zai maimaita sau da dama kafin tanki ya ƙare. Zafi ma abokin gaba ne, domin iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgi kuma yana bukatar doguwar hanya kafin ya ɗaga. A wuri irin Maradi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, matuƙi mai hankali yakan rage lodi ko da za a ƙara masa sawu. Feshin jan baki ya fi kowanne wuya, don da almuru ake yin sa, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwancinsu, haske ya ragu, su kuma suna iya faɗa wa gilashi da farfela.

Kula da jirgin

Sa'a guda a sama tana cin sa'o'i da yawa a ƙasa, kuma a nan ne ake gane ko jirgin zai yi amfani ranar da aka neme shi. Kowace safiya makanike yakan tsiyayi mai kaɗan daga ƙasan tanki a cikin kwalba mai haske ya ɗaga ya duba, domin man da aka ajiye a duro yakan tara ruwa da datti. Yakan shafa gefen farfela da yatsa yana neman inda tsakuwa ta ɓantare, saboda ƙaramin tabo yana iya zama tsaga. Rairayi da ƙurar hunturu suna cin inji daga ciki, shi ya sa ake tsabtace matatar iska fiye da yadda ake yi a ƙasashen da aka ƙera jirgin. Idan an ratsa garken fara kuwa, gawarwakinsu sukan toshe mashigar iska da wurin sanyaya mai, sai an zauna an ƙwaƙule su. Ban da wannan akwai binciken ƙa'ida bayan kowace sa'a 50 da 100 ta tashi, ana rubuta komai a littafin jirgi.

Maganin kansa yana cin jirgin. Yana narkar da roba da fenti, taki kuma yana jawo tsatsa, don haka aka yi bangon jikin jirgin yadda za a iya cire shi a wanke ƙarfen ciki. Kafin a fara kowane aiki ana auna yawan abin da ke fita a minti guda; a misalin da ya gabata na hekta 1,600 a sa'a, in lita guda ake watsa wa kowace hekta, ya kamata ya kai kusan lita 27, in ya gaza fara ta tsira, in ya zarce an zubar da kuɗi an kuma ƙara guba a daji. Mai ma matsala ce: injin fistan yana shan wani fetur na musamman mai wuyar samu a Sahel, shi ya sa jirage masu wani nau'in inji da ake kira PT6, wanda ke shan kananzir irin na manyan jirage, suka fi sauƙin ciyarwa. Babban ciwon ƙasashe irin Nijar shi ne fara takan yi shekaru ba ta zo ba, jirgi na ajiye, batir ya mutu, roba ta bushe, takardar matuƙi ta ƙare, sai ranar da aka tashi nemansa a tarar ba ya tashi.

Lafiyar mutane

Masu loda magani sun fi matuƙi shiga haɗari. Dole su sa safar hannu da tabarau da abin rufe hanci da rigar aiki, duk da zafi, kuma akan auna jininsu kafin aiki da lokacin aiki, domin irin waɗannan magunguna suna taɓa jijiyoyi. Wanda awonsa ya faɗi sai a janye shi ya huta. Kafin jirgi ya tashi akan sanar da hakimai da masu gari da makiyaya, ta bakin manzo ko ta rediyo, a rufe rijiyoyi, a kau da dabbobi na wasu kwanaki, kuma ba a feshi kusa da ruwa kamar tafkin Madarunfa ko gulbi. A Maradi akwai ƙarin damuwa, domin fara abinci ce da ake soyawa ana sayarwa a kasuwa buhu-buhu, saboda haka akan ja kunnen masu kamu su nisanci filin da aka feshe. Durorin da aka juye ma ba a barinsu a hannun jama'a, ko da yake kowane gida na sha'awarsu don ajiyar ruwa. Ƙa'ida ita ce a ɗauraye su da sinadarin wanki na musamman, a huda su, a murƙushe, sannan a tattara su wuri guda a hannun hukuma.