Ma'anar "ping", sallamar da kwamfuta ke yi a ƙofar 'yar'uwarta

A shagunan buga takardu da ɗakunan intanet na Garwa da Marwa, idan rezo ya ɗauke aka kira mai gyara, tambayar da yakan fara yi tun bai zauna ba ita ce: "Kun yi ping?" Masu shago da yawa sun haddace kalmar, amma kaɗan ne suka san abin da take nufi, shi ya sa sukan kashe na'ura su kunna, su sake kashewa, har a yi azahar ba a gano inda matsalar take ba.

Ping ƙaramin umarni ne da ke cikin kusan kowace kwamfuta, aikinsa kuwa bai wuce na sallama ba. Kwamfutarka za ta aika ɗan gajeren saƙo zuwa adireshin wata na'ura, ta tsaya tana sauraro. Idan waccan tana nan kuma hanya a buɗe take, za ta amsa, sai a rubuta maka tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin sallama da amsa. Ana auna lokacin da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta manhajar a watan Disamba na 1983, lokacin yana aiki a wata cibiyar bincike ta sojojin Amurka, ya kuma ɗauko sunan daga ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin teku ke amfani da ita: su saki sauti, su jira amsa-kuwwarsa, su gane nisan abin da ke gabansu. Saƙon yana tafiya ne bisa ƙa'idar ICMP, wato dokar da na'urori ke bi wajen aika wa juna irin waɗannan saƙonnin gwaji, wadda aka tsara tun 1981.

Amfaninsa yana ga tsarin da aka bi. Mai neman ɓataccen akuya daga gidan maƙwabci yake fara tambaya kafin ya nufi kasuwar dabbobi, haka ma mai ping daga kusa yake farawa. Mu ɗauki shago mai kwamfutoci huɗu da firinta ɗaya, dukkansu a haɗe da akwatin rawuta mai raba musu intanet, wanda wasu ke kira modem. A Windows ana buɗe baƙar tagar umarni ta hanyar rubuta cmd, sannan a rubuta ipconfig. Abu biyu ake dubawa: adireshin kwamfutar kanta, da adireshin ƙofar fita, wanda kwamfutocinmu masu Faransanci ke rubutawa "Passerelle par défaut". Ƙofar fitar ita ce rawuta, kuma adireshinta yawanci 192.168.1.1 ne ko makamancinsa. Idan aka ga adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, bincike ya yi sauƙi, domin wannan lamba ce da kwamfuta ke ba kanta idan ta nemi adireshi wurin rawuta ba a ba ta ba. A nan babu dalilin kiran kamfanin sadarwa. A duba kebul, ko kalmar sirrin Wi-Fi, ko kuma rawutar ta sandare.

Idan adireshin daidai yake, sai a rubuta ping, a bar fili, a sa adireshin rawuta. Windows zai yi sallama sau huɗu, kowanne da saƙo mai girman bayit 32, kuma lafiyayyen layi yana dawo da layuka huɗu masu farawa da "Réponse de", wato "amsa daga". Ta kebul amsar takan zo cikin milisakan ɗaya ko ƙasa da haka, ta Wi-Fi kuwa takan ɗan jinkirta. Idan biyu suka dawo biyu suka ɓace, an kusa kama ɓarawo. Na taɓa tsayawa a wani shago kusa da babbar kasuwar Garwa inda kwamfuta ɗaya ke yankewa sau da yawa a yini, mai shagon har ya fara lissafin kuɗin sabuwa. Muka rubuta umarnin tare da ƙara -t a ƙarshensa, abin da ke sa shi ya ci gaba ba tsayawa sai an danna Ctrl da C, sannan yaron shagon ya durƙusa yana taɓa kebul ɗin. Duk lokacin da ya motsa shi sai amsa ta ɗauke. Ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul a raminsa ne ya karye, ƙurar hunturu kuma ta cika ramin. Sabon kan kebul ya magance abin da aka yi wata guda ana zargin kamfani a kansa.

Bayan rawuta ta amsa ne ake leƙa waje. Masu gyara sun saba da 8.8.8.8, adireshin Google da aka buɗe wa jama'a a 2009, saboda sauƙin haddacewa. Idan rawuta na amsawa amma wannan ya yi shiru, cikin shago lafiya lau ne: ko dai data ta ƙare, ko layin kamfani ya yanke, ko abin ya fi haka nisa. Ranar 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a ƙasashe masu yawa har da Kamaru, kuma a irin wannan rana duk wanda ya kwance na'urarsa wahalar banza ya sha. Idan kuwa 8.8.8.8 ya amsa amma aka rubuta sunan shafi, kamar google.com, aka ce ba a same shi ba, laifin na DNS ne, wato tsarin da ke mayar da suna lamba. Hanya na nan, mai nuna gida ne ya ɓace, kuma sauya adireshin DNS a rawuta kan wadatar.

Akwai wurare biyu da ping ke ruɗar wanda bai ƙware ba, kuma a ganina sun fi komai muhimmanci. Na farko, shiru ba ya nufin babu kowa a gida. Saƙon "Délai d'attente de la demande dépassé" yana cewa ne kawai an jira ba a ji amsa ba, alhali katangar tsaro ta Windows takan hana kwamfuta amsa ping ko da lafiyarta ƙalau, musamman idan an saita hanyar a matsayin ta jama'a. Na biyu ya fi wayo: saƙon "Impossible de joindre l'hôte de destination", wato an kasa kai wa ga na'urar da aka nufa, yakan zo a layi mai farawa da "Réponse de", har lissafin ƙarshe ya nuna ba a rasa ko ɗaya ba, sai mutum ya ɗauka komai daidai ne. A duba adireshin da ya amsa, za a tarar na kwamfutarka ne ko na rawuta. Ɗan aike ne ya dawo yana cewa bai ga gidan ba.

Yawan milisakan ma labari ne. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka saƙon da zai tashi daga Ngaundere ya gangara bakin teku, ya haura Turai ya dawo, dole ya fi na cikin shago jinkiri nesa ba kusa ba, balle na Njamena, wanda yawancinsa sai ya ratsa Kamaru kafin ya ga teku. Tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 ba ya ba da ƙasa da milisakan 500. Lambar da ya kamata ta tayar da hankali ita ce ta rawutar da ke kan teburinka: idan tana tsalle daga 2 zuwa 400, ko dai wani na sauke bidiyo ya cika layin Wi-Fi, ko zafin Afrilu ya gasa akwatin, musamman wanda aka ajiye a rufaffen kabad ko aka lulluɓe da kyalle don gudun ƙura. A fito da shi inda iska ke kaɗawa, a cire shi daga wuta na minti ɗaya, a mayar, sannan a sake sallamar.