Rigar ƙyalli a ƙarƙashin rigar ruwa: abin da doka ta ɗora wa mai ba da aiki a damina

Wanda ya taɓa tuƙa mota a Jos cikin marka ya san yadda gari yake komawa. Ƙarfe huɗu na yamma sai ka rantse magariba ta yi, waifa tana ta faman share gilas, hazo ya sauko daga kan duwatsu, fitilun motocin da ke tahowa suna warwatsuwa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. A haka ne ake samun mutane a bakin titi suna neman abincinsu: masu shara da sassafe a Terminus, leburorin da ke yashe lambatu a titin Bauchi, masu cike ramuka a hanyar Bukuru, masu sauke kaya daga tirela a Farin Gada. Da yawansu an ba su falmaran mai ƙyalli, ruwan lemun tsami ko ruwan goro. To amma ruwa yana saukowa sai kowa ya jawo baƙar rigar ruwa, ko ledar da ya samu, ya ɗora a kai. Daga nan falmaran ta tashi aiki. Direba ba ya ganin komai sai wani duhu da ke motsi, idan ma ya gani.

Wa ke da alhakin wannan? Leburan da ke gudun jiƙewa cikin sanyin Jos, ko wanda ya ba shi rigar da ba ta tare ruwa? Doka tana da abin cewa, ko da yake ba a wuri ɗaya ta faɗe shi ba.

Mafi kusa da maganar ita ce Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 47 ya ce idan ma'aikata suna aikin da ke sa su jiƙewa fiye da kima, ko suna mu'amala da abu mai cutarwa, dole a samar musu da tufafin kariya da suka dace, haɗe da safar hannu da takalma da tabarau da abin rufe kai inda ake bukata, kuma a ci gaba da kula da kayan. Kalmomi biyu ne ke ɗauke da nauyin sashen: "dacewa" da "kulawa". Ba cewa aka yi a raba riga a ɗauki hoto ba. Rigar sai ta yi daidai da haɗarin da ke wurin, kuma idan ta mutu a sauya ta. Dokar ta kuma hana mai masana'anta cire kuɗin irin waɗannan kaya daga albashin ma'aikaci. Shi ma ma'aikacin ba a bar shi haka ba: abin da aka ba shi don kariya dole ya yi amfani da shi, kuma kada ya lalata shi da gangan.

Sai dai a faɗi gaskiya, dokar nan ta tsufa, kuma gajeriya ce. Sunanta ma ya nuna iyakarta: an rubuta ta ne domin wuraren da ake ƙera kaya ko gyara su ko sarrafa su don kasuwanci. Ba ta ambaci rigar ƙyalli da sunanta ba. Tararta kuwa abin dariya ce a yau: idan saɓa mata ya jawo mutuwa ko rauni, tarar ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Naira 5,000 a 1987 kuɗi ne. Yanzu ko rigar ruwa ta kirki ba za ta saya ba.

To mai shara a titi fa, da leburan ɗan kwangila, waɗanda ba a cikin masana'anta suke ba? Ba a bar su a sarari ba. Kotunan Najeriya sun daɗe da tabbatar da cewa duk mai ba da aiki yana da nauyin kula da lafiyar ma'aikacinsa gwargwadon hankali, wato ya ba shi kayan aiki masu aminci da tsarin aiki mai aminci, ko an rubuta a takardar ɗaukar aiki ko ba a rubuta ba. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Iyere da kamfanin Bendel Feed and Flour Mill a 2008. Wanda ya tura mutum tsakiyar titi cikin ruwa da duhu ba tare da abin da zai sa a gan shi ba, da wuya ya iya cewa ya sauke wannan nauyi.

Sannan akwai yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994. Ita ba ta tsaya a masana'anta ba. Sashenta na 16 ya ɗora wa masu ba da aiki samar da isassun tufafi da kayan kariya inda ake bukata, na 21 kuma ya ce matakan kariya a wurin aiki ba za su ci wa ma'aikaci ko kwabo ba. Da can irin waɗannan yarjejeniyoyi a takarda suke ƙarewa. Amma gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duba yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su, a ƙarƙashin sashe na 254C. Kotun tana da reshe a nan Jos. Saboda haka foman da zai ce wa yaransa, "Kowa ya kawo kuɗin riga, za a cire a ƙarshen wata," ya sani ba a kan doka yake tsaye ba. Kuma idan lebura ya ce, "Oga, wannan rigar fa ba ta tare ruwa," ba rashin kunya ya yi ba, haƙƙinsa ya tambaya.

Yanzu sai maganar dacewa, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Tunda dokarmu ba ta fayyace ba, da me za a auna? Abin da masu sana'ar kariya ke dubawa shi ne ma'aunin duniya mai lamba ISO 20471, wanda ya fito a 2013.

Rigar ƙyalli abu biyu ne a haɗe, kuma kowanne da lokacin aikinsa. Na farko shi ne yadin kansa. Launin nan mai ɗaukar ido ba rini ne kawai ba. Yana karɓar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya mayar da shi haske da ake gani, shi ya sa yake kamar yana ci da wuta a ranar da hadari ya rufe gari, ko da asuba, ko dab da magariba. Launi uku kaɗai ma'aunin ya yarda da su: rawaya mai haske, ruwan goro mai ja-ja, da ja. Shuɗiya ko baƙar falmaran da aka ɗinka wa zanen azurfa ba ta ciki, komai kyanta. Da dare kuwa yadin nan ba ya aikin komai, domin babu rana. Nan ne abu na biyu ke karɓar aiki, wato zanen azurfar da ke zagaye rigar. Shi yana mayar da hasken fitila ne zuwa inda ya fito, kai tsaye zuwa idon direba. Faɗinsa bai kamata ya gaza milimita 50 ba, kimanin yatsu uku, kuma ya zagaye jiki yadda za a gan shi ta gaba da baya da gefe.

Ma'aunin ya kasa riguna aji uku bisa yawan waɗannan abubuwa biyu. Aji na 1 yana bukatar murabba'in mita 0.14 na yadi da 0.10 na zane, aji na 2 yana bukatar 0.50 da 0.13, aji na 3 kuma 0.80 da 0.20. Falmaran ta kirki aji na 2 take tsayawa. Aji na 3 sai rigar da ta rufe jiki kuma take da hannu mai zane, ko wando mai zane a ƙafafu, domin direba ya gane tun daga nesa cewa mutum ne a gabansa, ba durom ko allon gargaɗi ba. Wanda ke aiki a cikin harabar kamfani inda motoci ke rarrafe, falmaran za ta ishe shi. Wanda ke aiki a Mararabar Jama'a ko gangaren Hawan Kibo, inda manyan motoci ke saukowa da nauyinsu cikin hazo, a ganina duk abin da ya gaza aji na 3 wasa da rai ne. Lissafin ba shi da wuya: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, mai gudun 80 kuma mita 22, kuma a jiƙaƙƙen titi tazarar tsayawa tana iya ninkawa. Daƙiƙa biyu da direba ya yi bai gane ka ba, ya riga ya cinye filin da zai taka birki a ciki.

Ruwa yana ƙara wata matsalar da ba kowa ya sani ba. Zane mai araha an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyin gilas a fili. Idan ruwa ya kwanta a kansu, hasken yana karkacewa, ƙyallin ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shi ya sa ma'aunin ya tanadi a gwada zanen a ƙarƙashin ruwan sama kafin a ba shi shaida. Zanen da aka rufe fuskarsa da siririyar roba ya fi jure wannan.

Maganin matsalar da muka fara da ita kuwa ɗaya ne: rigar ruwan kanta ta zama ita ce rigar ƙyallin. Abin da ke waje shi ake gani. Ko dai a sayi rigar ruwa mai launi da zane, ko kuma, idan kuɗi bai kai ba, a sayi falmaran mai girman da za ta hau kan rigar ruwa, a kuma ɗaure ta, kada a bar ta a buɗe iska tana kaɗawa. Rigar ruwa tana da nata ma'aunin na Turai, EN 343, mai lambobi biyu daga 1 zuwa 4 a bugun 2019: ta farko ƙarfin tare ruwa, ta biyu yadda take barin gumi ya fita. Mutane suna raina lamba ta biyu, alhali ita ce ke yanke hukuncin ko za a sa rigar ko za a rataye ta a bishiya. Rigar roba zalla ba ta numfashi. Mai haƙa da diga zai jiƙe da gumi daga ciki cikin ɗan lokaci, ya tuɓe ta, shi ke nan ba ruwa aka tare ba, ba ƙyalli aka samu ba. A juya rigar a duba ɗinkin ma. Idan ba a liƙe bayan ɗinkin da tef ba, ta ramin allura ruwa zai shiga, musamman a kafaɗa.

Kasuwa cike take da na jabu, kuma buga lamba a jikin takarda ba wuya ba ne. Rigar gaskiya tana ɗauke da hoton falmaran da lambar aji a gefensa, da sunan wanda ya yi ta, da umarnin wanki. Mai saye da yawa ya nemi takardar gwaji daga dillali. Akwai kuma gwajin da ba ya cin kuɗi: a rataye rigar a wuri mai duhu, a ja da baya sosai, a riƙe tocilan ɗin waya dab da ido a haska ta. Zane na gaske zai tashi fari fat. Sai a yayyafa masa ruwa a sake gwadawa. Wani abin lura, babban tambarin kamfani da ake bugawa a baya yana cinye yadin, kuma wurin da ya rufe ba ya shiga lissafin aji. Jakar goyo ma haka.

Ga kuma "kulawa" da sashe na 47 ya ambata. Jar ƙasar Jos idan ta kama riga, da siminti da baƙin mai, suna kashe launi da zane duka. Rana tana koɗar da yadin, bilic da buroshi mai tauri suna kankare ƙwayoyin gilas, kuma wanda ya yi rigar kan rubuta adadin wankin da za ta jure. Falmaran da ta ga damina biyu ta koma launin kunu, ba rigar kariya ba ce kuma, ko da ba ta yage ba. Mai walda kuma a nema masa wadda ba ta kama wuta, don yadin roba narkewa yake a jiki.

Riga dai ba ta tare mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana lissafa rashin isassun alamun gargaɗi a wurin aikin titi cikin laifuffuka, haka ma wuce kima da gudu a irin wannan wuri. Ɗan kwangilar da ya raba riguna amma bai sa allo da shinge da mai tuta ba, rabin aiki ya yi.

Idan tsautsayi ya riga ya faɗa, sai a koma ga Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, NSITF, ke gudanarwa. Mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata, kuma haramun ne ya cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da na yini, ba sai mai takardar dindindin ba, kuma ta shafi haɗarin da ya faru a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Abin da ke kayar da mutane shi ne lokaci. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga asusun cikin kwana 7, idan rasuwa ce nan take. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara ɗaya. A ajiye takardun asibiti, a rubuta sunayen waɗanda suka ga abin, a ɗauki hoton wurin da na rigar da ke jikin mutum a lokacin. Wanda kuma yake son kai ƙorafi tun kafin wani ya ji ciwo, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Jos yana da jami'an duba wuraren aiki, kuma ƙungiyar ƙwadagon da mutum yake ciki tana iya kai maganar a madadinsa.