Lafiyar Muhallin Halittu da Dausayin Haɗeja-Nguru

Lafiyar muhallin halittu ita ce ikon da wani yanki, daji ne ko tafki ko fadama, yake da shi na ci gaba da raya tsirrai da dabbobi da mutanen da ke cin moriyarsa, ba tare da ya ƙanƙance ba. Masanin gandun daji ɗan Amurka, Aldo Leopold, ya yi ta jan hankali a kan wannan tun shekarun 1940, inda ya ɗauki lafiyar ƙasa a matsayin iyawarta ta sabunta kanta da kanta. A 1992 Robert Costanza ya fito da ma'auni uku da har yau ake yawan amfani da su: kuzari, wato yawan abin da wurin ke tsirarwa, tsari, wato yawan nau'o'in halittu da yadda suka dogara da juna, sai juriya, wato saurin farfaɗowa bayan fari, gobara ko ambaliya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a kan na farko. Wuri na iya yin kore shar amma ciwo na cinsa, kuma dausayin Haɗeja-Nguru ya nuna haka ƙarara.

Dausayin yana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin ruwansu ya bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi. A da, rayuwarsa ta rataya ne a kan cikowa da janyewa. Da damina ruwa ya malale fadamu, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. Da ruwa ya ja baya, manoma su yi noman rani a kan danshin da ya bari, makiyaya su shigo da shanu, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai su sauka a wurare irin su Dagona. Saboda wannan arziki ne aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi, a shekarar 2000, wuri na farko a Nijeriya.

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Chalawa a 1992, waɗanda ke tare ruwan da ke gangarowa kogin Haɗeja, sun sauya wannan kai-komo. Ambaliyar damina ta ragu, a ɗaya ɓangaren kuma ruwan da ake saki da rani ya hana wasu mashigai bushewa. Nan kacala ta samu gindin zama. Ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, kuma bushewar rani ce da can take taka mata birki. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a bayanta, ruwa ya karkata ya cinye gonakin wasu garuruwa yayin da na wasu suka ƙafe. Masunta sun rasa hanyar kwalekwale. Tsuntsayen jan-baki kuma suka mayar da ita makwanci, daga nan suke far wa shinkafa da gero.

Idan aka auna da kuzari kaɗai, sai a ce dausayin ya ƙaru, domin kacala na tsiro da gaggawa. Amma tsari ya raunana, tunda ciyawa ɗaya ta kori iri-iri. Shi ya sa masu bincike ke duba nau'o'in kifin da ke shiga koma, lokacin zuwan ruwa da na tafiyarsa, da ƙidayar tsuntsaye ta shekara-shekara.

Akwai masanan da ke ƙin kalmar lafiya gaba ɗaya, suna cewa muhalli ba jiki ba ne, kuma ba a san wane zamani za a ɗauka a matsayin mizani ba. Hujjarsu tana da ƙarfi a Haɗeja-Nguru: ruwan da mai noman rani a Kadawa ta jihar Kano ke samu daga madatsar Tiga yana kira albarka, shi ne wanda masunci a Nguru ke jira a lokacinsa. Ana yanke kacala da hannu da injuna, amma muddin ba a daidaita sakin ruwa daga madatsun ba, tana sake tofowa.