Me likita yake nufi idan ya ce ciwon daji ya bazu?

A takardar sakamakon awo da ake ba majiyyaci a Damagaram, wadda da Faransanci ake rubuta ta, wani lokaci akan ga kalmar metastaz. Likita kan gaya wa dangi a taƙaice cewa ciwon ya bazu. Nufinsa, wasu ƙwayoyin ciwon daji sun baro inda suka fara, sun je sun kafa sabon ƙari a wata gaɓar jiki.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da lokacin rabuwa biyu da lokacin mutuwa. Ƙwayar daji ita ce wadda umarnin gadon da ke cikinta ya lalace, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta kuma ƙi mutuwa. Amma ƙarin ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2 sai da jini, don haka yakan saki wasu sinadarai da ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro su iske shi. Jijiyoyin da ke ciyar da shi, su ne kuma ƙofar fitarsa.

Akwai wata ƙofar, wato hanyoyin ruwan jiki da ke bi ta kaluluwa. Shi ya sa in mace ta zo da ƙullutu a nono, likita ba ya tsayawa nan, sai ya sa yatsu ya laluba hammata. Kaluluwa mai tauri wadda ba ta zafi ta fi mai zafi damun sa.

Yawancin ƙwayoyin da suka faɗa jini mutuwa suke yi a hanya, garkuwar jiki ta halaka wasu. Waɗanda suka tsira kuwa ba ko'ina suke kamawa ba. A 1889 wani likitan fiɗa na Ingila, Stephen Paget, ya kwatanta lamarin da iri da ƙasa, kuma manomi ba ya bukatar ƙarin bayani: gero na son jigawa, shinkafa sai fadama. Dajin nono yakan tafi ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Na babban hanji ya fi sauka a hanta, domin jinin hanji ta can yake fara bi. Kuma in dajin nono ya koma ƙashin baya, har yanzu dajin nono ne, maganinsa za a ba shi.

Maganar da ta fi cutar da mu ita ce "daji ba ya son ƙarfe", wai allura ko wuƙar likita ce ke watsa shi. Mutane sun ga an yi wa wata aiki, bayan shekara ciwon ya ɓullo a huhu, sai suka ɗora wa aikin laifi. Alhali ƙwayoyin sun riga sun fita tun ana ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe a gida, sun yi lamo, ƙanana ƙwarai har hoto bai nuna su ba. Wasu kan kwanta shekaru kafin su farka.

Muddin ƙarin yana wuri guda, ana iya cire shi, ko a gasa shi da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin daji a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, wadda ta fara wannan aiki a 2021, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. In ya bazu kuwa, sai magani mai bin jini ya zagaya jiki duka, kuma galibi burin likita a lokacin shi ne ya rage wa ciwon gudu, ya sauƙaƙa wa majiyyaci raɗaɗi.