Wutar Sola ta Gida

Wutar sola lantarki ce da ake samu daga hasken rana ta hanyar faifan silikon. A ƙasar Hausa ita ce mafi sauƙin samu cikin makamashin da ba ya ƙarewa, domin Kano, Sakkwato da Damagaram na samun kimanin awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi a kullum.

Tarihi

A 1839 Bafaranshe Edmond Becquerel ya lura cewa haske na iya haifar da lantarki, amma sai a 1954 aka ƙera faifan silikon mai amfani a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, wanda ke juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken. A Nijar an kafa ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai wajajen tsakiyar shekarun 1960, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya daɗe yana jagorantarsa. Cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato ta biyo baya a farkon shekarun 1980. A Nijeriya, cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa magidanta da yawa suka jingine janareto suka koma sola.

Kayan haɗi da lissafi

Abubuwa huɗu ne: faifai, kwantirola mai daidaita caji, baturi, da inbata mai juya wutar baturi ta zama irin ta gida. Kafin a sayi ko ɗaya, sai a lissafa abin da gida ke ci. Fanka mai wat 60 ta awa 8 na cin wat-awa 480 (wato wat sau awa). Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa 6, 240. Talabijin mai wat 50 ta awa 5, 250. Jimilla kusan wat-awa 1,000. Idan aka raba da awa 5 na rana mai ƙarfi, aka ƙara abin da ke salwanta a waya da zafi, faifai mai wat 300 ya wadatar.

Baturi ne ke cinye kuɗin, shi ne kuma ke fara mutuwa. Mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) na riƙe wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake sha. Wanda ake tatsewa kullum ba ya daɗewa. Ana ƙara masa tataccen ruwan baturi, ba na rijiya ba. Na litiyom ya fi tsada, sai dai ana shan kashi 80 ko fiye, kuma ya fi daɗewa. Cikin nau'o'in kwantirola, wadda ake kira MPPT ta fi wadda ake kira PWM tatso wuta daga faifai.

Matsaloli

Ana fuskantar da faifai kudu, a karkace kamar digiri 12 a Kano. Ƙurar hunturu na rage wuta sosai, don haka ake goge shi da sassafe kafin ya ɗau zafi. Zafi ma na rage ƙarfinsa, shi ya sa ake barin sarari tsakaninsa da kwanon rufi. Inuwar reshe guda na iya kassara faifai gaba ɗaya. Siririyar waya na zafi har ta tayar da gobara. Dutsen guga da hita ba na ƙaramar sola ba ne, firji kuwa na fizgar wuta ninki da yawa lokacin tashi. A kasuwa akwai faifan da lambar da aka manna masa ta fi ƙarfinsa.

Sauran hanyoyi

Injin iska bai yaɗu a gidaje ba. Gas na kashin dabbobi ya fi dacewa da girki. Wajen sayen kayan sola, ana saɓani kan ko biya sannu-sannu ya fi sayen hannu riba.