Ma'anar "State of Origin" a zari-rugar Ostireliya, da yadda Mal Meninga ya rayu a cikinta

Duk wanda ya taɓa cika fom ɗin neman aiki ko na makaranta a Najeriya ya san gurbin nan na "State of Origin", inda ake so mutum ya rubuta jiharsa ta asali ko da a wata jiha yake zaune yana neman abinci. A Ostireliya ma kalmomin nan uku suna bakin kowa, sai dai can a filin wasa ake jin su. Sunan wata gasar zari-ruga ce tsakanin jihohi biyu maƙwabta, Queensland da New South Wales, wasa uku kowace shekara a tsakiyar kakar wasa. Sunan kuma shi ne dokar gasar: ɗan wasa yana buga wa jihar da ya taso a cikinta, ko da kulob ɗin da ke biyansa albashi yana wata jiha. 'Yan Queensland suna sa riga ja mai duhu, ana ce musu Maroons. 'Yan New South Wales suna sa shuɗiya, ana ce musu Blues.

Zari-ruga iri biyu ce, kuma wannan gasa ta nau'in rugby league ce, mai mutum 13 a kowane ɓangare, wadda ta ɓalle daga mai mutum 15 a 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, saboda rigima kan biyan leburori diyyar ranar aikin da suka rasa don sun je wasa. Minti 80 ake yi. Da hannu ake miƙa ƙwallo, amma ba a jefa ta gaba. Idan aka kayar da masu riƙe da ƙwallo sau shida ba su ci ba, ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kutsa ya dangwala ta a bayan layin abokan hamayya ya samu maki 4 a dokar yanzu, wanda kuma ya buga ta ta wuce tsakanin turaku ya samu maki 2.

Jihohin nan biyu sun fara karawa tun 1908, amma a wancan zamani inda mutum yake buga wasa ake dubawa. Matsalar ta yi tsanani bayan 1956, lokacin da New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen kulob-kulob. Kuɗi suka shigo wa kulob ɗin Sydney, babban birnin New South Wales, da yawa, suka riƙa saye duk wani yaro mai hazaƙa da ya ɓullo a Brisbane, babban birnin Queensland, ko ƙauyukan jihar. Shekara na zagayowa sai a ga yaron nan sanye da shuɗiyar riga, yana tattake jihar da ta raine shi. Daga 1959 Queensland ba ta sake cin gasar ba har shekara ashirin, mutanen Sydney kuwa suka daina ma zuwa kallo. Shugaban hukumar wasan ta Queensland, Sanata Ron McAuliffe, shi ya dage a gwada wasa ɗaya da dokar asali, kamar yadda masu wata ƙwallon gargajiya ta Ostireliya suka gwada a 1977.

An yi wasan ranar 8 ga Yulin 1980 a filin Lang Park na Brisbane, gaban mutum sama da 33,000. Jaridun Sydney da yawa sun raina shi, suna ganin ba wanda zai yarda ya ji wa abokin wasansa na kulob ciwo saboda wata jiha. Kyaftin ɗin Queensland a daren shi ne Arthur Beetson, ɗan asalin mutanen farko na Ostireliya, mai shekara 35, wanda ya yi shekaru yana sa shuɗiyar riga don a Sydney yake wasa, bai taɓa buga wa jiharsa ba. Da rikici ya kaure a fili, Beetson ya kai wa Mick Cronin hannu, alhali kulob ɗaya suke bugawa, Parramatta. Naushi ba abin yabo ba ne, kuma a dokar yau wanda ya yi shi waje zai fita, amma a wannan dare shi ya tabbatar wa 'yan kallo cewa ba wasan sada zumunci suka zo gani ba. Queensland ta ci 20 da 10. A cikin makin nan 20, 14 sun fito ne daga ƙafar wani matashin ɗan sanda wanda a ranar ya cika shekara 20 a duniya. Sau bakwai ya buga, sau bakwai ta shiga. Sunansa Mal Meninga.

An haife shi a Bundaberg, garin noman rake, ranar 8 ga Yulin 1960. Ta wajen uba, jinin mutanen tsibiran tekun Pasifik ne da aka kawo Queensland aikin gonakin rake a ƙarni na 19. Ƙato ne mai nauyin sama da kilo 100, ga gudu, kuma da tsinin takalmi yake buga ƙwallo, irin salon da yanzu ba a ganinsa. Ya fara da kulob ɗin Souths na Brisbane, ya yi kaka ɗaya a St Helens ta Ingila a 1984 zuwa 1985, sannan a 1986 ya koma Canberra Raiders, wadda ke cikin gasar New South Wales. A nan ne ma'anar kalmar take fitowa fili: da tsohuwar doka ce ke aiki, da daga wannan shekara Meninga ya koma ɗan Blues. Dokar asali ce ta bar shi a jar rigarsa har ya yi ritaya a 1994.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. A 1987 ya yi karo da turken raga ya karya hannu, hannun nan kuma ya sake karyewa har sau uku kafin ya warke, abin da ya sa kusan shekara biyu yana shiga yana fita. Da ya dawo ya ja Canberra a matsayin kyaftin ta ci kofin gasar a 1989 da 1990 da 1994. Ya buga wa Queensland wasa 32 na Origin, ya ci maki 161. Amma akwai wani tabo da na tabbata ya daɗe yana damunsa: shekara uku da ya yi yana kyaftin ɗin jiharsa, 1992 zuwa 1994, duka New South Wales ce ta ɗauki gasar. Abin da ya rage wa magoya baya daga wannan lokaci shi ne wasan farko na 1994 a Sydney, ana saura kaɗan a tashi Queensland na baya, ƙwallo ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, daga wannan gefen fili zuwa wancan, har ta iso ga Meninga, shi kuma ya miƙa wa Mark Coyne ya kutsa ya dangwala. Aka tashi 16 da 12. Sauran wasa biyun Blues suka cinye, har da na bankwanarsa a Lang Park.

Kalmar "asali" kanta ba ta rasa gardama ba. Mene ne asalin ɗan wasa, inda aka haife shi, ko inda ya yi makaranta, ko inda ya fara wasan manya? Shekaru da yawa wurin da mutum ya fara wasan manya ake dubawa, shi ya sa Greg Inglis, wanda aka haifa a Kempsey ta New South Wales kuma ya taso a jihar, ya zama ɗan Queensland saboda ya koma Brisbane yana saurayi. Ya dangwala sau 18 a Origin, duka a kan jihar haihuwarsa, kuma har gobe mutanen Sydney ba su huce ba. A ƙarshen 2012 aka tsaurara doka, aka ce dole mutum ya zauna a jihar kafin ya cika shekara 13, ko kuma mahaifinsa ya taɓa buga mata. A ganina gyaran ya yi daidai, don gasar da aka kafa saboda a daina ƙwace 'ya'yan wata jiha bai kamata ta bar ƙofar yin hakan a buɗe ba.

Meninga ya fara aikin koci a Canberra daga 1997 zuwa 2001, bai ci kofi ba, kuma da yawa sun ɗauka shi ke nan, gwanin fili ne kawai. Da aka ba shi Queensland a 2006, jihar ta sha kashi shekara uku a jere. Wasansa na farko ma aka doke shi 17 da 16. Na biyu ya rama 30 da 6. A na uku, a Melbourne, Queensland na baya ana dab da tashi, sai wani ɗan Blues ya yi wurgi marar kyau kusa da layinsu, ƙwallo ta faɗi ƙasa tana tsalle, kyaftin Darren Lockyer ya sure ta ya dangwala a ƙarƙashin turaku. Aka tashi 16 da 14. Daga wannan dare Queensland ta ci gasar shekara takwas a jere, 2006 zuwa 2013, abin da babu jihar da ta taɓa yi.

Masu suka suna cewa da irin 'yan wasan da yake da su, kowa ma zai ci: Lockyer, Cameron Smith, Johnathan Thurston, Billy Slater, Inglis, Cooper Cronk. Gaskiya ne gwanaye ne, kuma gaskiya ne mataimakansa irin su Neil Henry da Michael Hagan sun ɗauki kaso mai yawa na tsara dabaru. Amma aikin kocin Origin daban yake da na kulob. Kwana kamar goma ake ba shi da mutanen da makon jiya suke gwabzawa da juna, wasu ma, kamar Smith da Slater da Cronk, a Melbourne suke zaune, a jihar Victoria da ba ta cikin gasar sam. Ba shi da lokacin koya musu wasa, abin da zai iya shi ne ya sa su ji nauyin rigar. Meninga yakan gayyato tsoffin 'yan wasa sansani su zauna da matasa su ba su labarin zamanin da Queensland ke shan kashi, kuma idan shi da kansa ya yi maganar 1980, ganau ne ke magana. Wasa 30 ya ja ragama, ya ci 20. Daga nan aka ba shi tawagar ƙasa, ya ɗauki Kofin Duniya a 2017 da ci 6 da nema a kan Ingila, ya sake ɗauka a 2022 a Old Trafford da ci 30 da 10 a kan Samoa.

New South Wales ta katse masa jerin nasarorin a 2014. Shekarar da ta biyo, wadda a cikinta Thurston ya wuce maki 161 da Meninga ya ci, kowace jiha ta ci wasa ɗaya, aka dawo Lang Park don raba gardama. Queensland ta ci 52 da 6, Thurston ya buga sau tara duka suka shiga. Wannan ne wasan Meninga na ƙarshe a matsayin kocin jiharsa, kuma ranar 8 ga Yulin 2015 aka yi shi, ranar da ya cika shekara 55, a filin da ya tsaya kusa da Beetson yana ɗan shekara 20.