"Amana" a Saudiyya: Ba Imara Ba Ce, Kuma Ba Kowace Hanya Ce Tata Ba

Tun da jirgin ƙasa na cikin birnin Riyad ya fara ɗaukar fasinja a Disambar 2024, kalmar "amana" ta cika bakin masu yi mana bayanin Saudiyya da Hausa a TikTok da saƙonnin murya na WhatsApp. Amana ta kawo jirgi, amana ta sa wa bas kuɗi, amana ta rufe hanya. Har da masu kiran shugabanta "gwamna". Cewa amana hukumar birni ce, wannan duk mazaunin ƙasar nan ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kwaso kowane aikin gwamnati a jibga mata, wai don a gida mun saba da gwamnan jiha wanda titi nasa ne, motar haya tasa ce, kwata ma tasa ce.

A nan ba haka aka raba aikin ba. Ƙasar tana da yankuna 13, kowanne da amir, kuma ofishinsa shi ne imara, a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Tsaro, bin doka, sauraren koke da sa ido kan sauran hukumomi, can suke. Amana kuwa tana ƙarƙashin Ma'aikatar Birane da Gidaje, shugabanta amin ake ce masa, kuma naɗa shi ake yi. Yankin Makka, alal misali, amana uku gare shi: ta Makka, ta Jidda, da ta Ɗa'if. Rassanta na unguwanni su ne baladiyya, waɗanda iyayenmu mata masu kasa kaya a Shara Mansur da ke Makka suka fi kowa sani, domin da an ce "baladiyya!" sai ka ga an naɗe tabarma da kayan a kai cikin ƙiftawar ido. Kwaltar cikin unguwa, fitilar titi, kwashe shara, lasisin shago da na gini, maƙabarta, magudanar ruwan sama: wannan shi ne gonar amana.

To, jirgin Riyad ɗin da ake ta yaba mata, mai layi 6 da tasha 85 da tsawon kilomita 176, aikin Hukumar Masarauta ta Birnin Riyad ne. Bas ɗin Makka da aka fara gwajinsa a 2022 na Hukumar Masarauta ta Makka da Masha'ir (wuraren aikin Hajji) ne. Jirgin Haramaini da ke haɗa Makka da Madina ta Jidda tun 2018 yana hannun kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya, wato SAR. Babbar hanyar da ke tsakanin garuruwa kuma ta ɓangaren Ma'aikatar Sufuri ce. Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Ramin da ke ƙofar gidanka 940 ake kira masa, lambar amana, amma ramin da ke kan hanyar Hijira (babbar hanyar Makka zuwa Madina) a bayan gari 938 ne, lambar ɓangaren sufuri. Mutum ya kira inda ba nan ba, a mayar da shi, sai ya dawo majalisa yana cewa ba a sauraren baƙo.

Sunan kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Tushensa ɗaya da imani, da aminci, da laƙabin Al-Amin da Ƙuraishawa suka ba Manzon Allah (SAW) tun kafin aike. A Larabcin ofis kalmar ta ɗauki ma'anar sakatariya, shi ya sa ake kiran babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya "al-aminul amm". Turkawan daular Usmaniyya ma da wannan tushen suka sa wa hukumar birnin Istanbul suna, shugabanta shi ne amintaccen birni. Amma a Makka kalmar tana da wani nauyi dabam. Malaman tafsiri da yawa sun ce ayar nan ta 58 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni a mayar da amanoni ga masu su, ta sauka ne kan mabuɗin Ka'aba a shekarar buɗe Makka, lokacin da aka mayar wa Usman bin Ɗalha da shi. Har yau mabuɗin yana hannun Banu Shaiba. Hukumar da ke ɗauke da wannan suna a wannan gari ba ta da uzurin ɗaukar kwalbati a matsayin ƙaramin abu, kuma ni a ganina da kwalbatin ya kamata a auna ta, ba da fitilun ado na shataletale ba.

Mutanen Jidda sun ga dalili. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, daidai ranar da alhazai ke fita Mina, ruwan sama na 'yan sa'o'i ya gangaro daga duwatsun gabashin birnin ya afka wa unguwanni irin su Ƙuwaiza. Sama da mutum 100 suka rasu, motoci suka hau kan juna a tituna. An yi gine-gine a kan hanyar da ruwa ya saba bi, magudanai kuma ba su wadata ba. Sarki Abdullah ya sa aka yi bincike ƙarƙashin amir na yankin Makka, Yarima Khalid Al-Faisal, daga baya aka gurfanar da jami'ai da 'yan kasuwa kan cin hanci, cikinsu har da ma'aikatan amana. Ka lura da tsarin: imara ce ta bincika, amana ce aka bincika. Wanda ya haɗe su wuri ɗaya a bayaninsa ya ɓatar da labarin gaba ɗaya.

Da ruwa ya sake yin ɓarna a Janairun 2011, manyan ayyukan madatsun ruwa da magudanai na Jidda kamfanin man fetur na Aramco aka ɗora wa kula da su. Ke nan ko aikin da asali na amana ne, ana iya ɗauke shi a ba wani idan abin ya yi girma. Saboda haka mai ɗauko waya zai yi wa Hausawa bayani, ya fara karanta allon da aka kafa a bakin aikin. Sunan hukumar da ta ba da kwangilar yana rubuce a kai, tare da na ɗan kwangilar.